Shekaru da Maki: Lissafin Malami Mai Neman Izinin Zama na Dindindin a Ƙasar Waje

Jawabin da aka gabatar a zauren taron reshenmu da ke Ƙofar Nassarawa, Kano. Mun buga shi a nan domin 'yan uwan da ba su samu halarta ba, da kuma iyalansu.



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da ake yawan taɓawa a ɗakin malamai, amma ba a cika kawo shi zauren taro ba. Al'amarin shi ne na malamin da ya haura shekara 40, wanda ya kwashe shekara 15 ko 20 yana riƙe da alli, ya wayi gari yana tunanin tattara iyalinsa ya koma wata ƙasa da zama. A da, idan aka ji maganar tafiya sai a ce ta yara ce masu sabon digiri. Yanzu kuwa mataimakan shugabannin makarantu da manyan malaman lissafi da na kimiyya, masu furfura da 'ya'ya a jami'a, su ne suke jan mu gefe suna tambaya: "Wai ni ma zan iya kuwa?"

Babu wanda zai zargi mai wannan tambaya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekarar, dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, Jihar Kano ta sa nata a 71,000, amma a lokacin idan aka juya shi bai cika dala 50 ba. Kowa a nan ya san kwana nawa albashinsa yake kaiwa a wata.

Abin da muke so mu bari a zukatanku a yau guda ne. Shekarun da suke ƙara wa malami daraja a nan, su ne ake rage masa maki saboda su a can. Don haka dattijon malami ba shi da damar gwaji irin ta saurayi, wanda in ya faɗi zai tashi ya kakkaɓe ya sake. Wajibi ne ya yi lissafin ɓangarorin biyu, abin da zai bari da abin da zai tarar, tun kafin ya sayar da fili ko ya rubuta takardar ajiye aiki.

Tafiya ba baƙuwarmu ba ce

Kakanninmu sun yi fatauci zuwa Gwanja neman goro, sun kafa zango a Salaga da Kumasi da Ankara. Wasu sun nufi gabas da ƙafa, suka yi shekaru a hanyar Makka, da yawa suka yada zango a Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har gaɓar Kogin Nilu, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Mu ma mun karɓi baƙin malamai. Bayan wannan ƙofa kaɗan, a Nassarawa, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909, shi kuwa haifaffen Suwizalan ne da ya karɓi zama ɗan Birtaniya. Makarantar Shari'a da aka buɗe a 1934 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, da malaman Sudan ta fara. Yawancinmu da muka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980, malaman Indiya da Pakistan da Gana ne suka koya mana lissafi da kimiyya. Malami ya ƙetare iyaka da iliminsa ba abin kunya ba ne.

Amma tarihin nan yana da wani darasi mai ɗaci. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su san wani gida ba, suka karyar da dukiyarsu suka hau manyan motoci. A Sudan, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa tana zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar jikokin mahajjata da yawa a waje. Mu kanmu a 1983 mun kori baƙi marasa takarda, ciki har da malaman Gana da suka koyar da mu. Daɗewa a ƙasa ba ta ba baƙo iko. Takarda ce take ba shi, ita ma gwargwadon abin da aka rubuta a cikinta.

Mataki uku da ake cakuɗawa

Akwai abubuwa uku da 'yan uwa suke haɗawa wuri guda. Na farko bizar aiki, wadda take ɗaure da wanda ya ɗauke ka aiki. In aikin ya ƙare, zamanka ya ƙare. Wannan ci-rani ne, ko da ya kai shekara 20. Irinsa ne iƙamar Saudiyya: malamai da likitocinmu da yawa sun yi aiki a can cikin mutunci, amma ranar da kwantiragi ya ƙare dole a haɗa kaya. Izinin zama na musamman da Saudiyya ta ƙirƙiro a 2019, na dindindin ɗinsa riyal 800,000 ne, ba na mai albashin koyarwa ba.

Na biyu shi ne izinin zama na dindindin. Mai shi yana iya zama, ya yi aikin da ya ga dama, 'ya'yansa su shiga makarantar gwamnati, ba tare da rataya a wuyan wani ubangida ba. Na uku shi ne zama ɗan ƙasa, mai fasfo da ƙuri'a. Ko na biyun ma, kalmar dindindin tana da sharaɗi. A Kanada, alal misali, sai mutum ya zauna a ƙasar kwana 730 a cikin kowace shekara 5, in ba haka ba yana iya rasa izinin. Wanda yake tunanin zai karɓi katin ya dawo Kano ya ci gaba da aikinsa, ya riƙa leƙawa da dogon hutu, to ya sake tunani.

Yadda ake auna shekarunmu

Bari mu ɗauki Kanada, domin ita aka fi tambayarmu a kanta. Tun watan Janairun 2015 take amfani da tsarin da suke kira Express Entry, inda ake jera masu nema bisa maki daga cikin 1,200, a riƙa gayyatar na sama. Ga wanda ba shi da aure, ɗan shekara 20 zuwa 29 yana samun maki 110 saboda shekarunsa kaɗai. A shekara 35 sun koma 77. A 40 sun koma 50. Daga nan sai gangara: 39, sai 28, sai 17, sai 6 a shekara 44. Daga 45 zuwa sama babu ko ɗaya. Mai aure kuma daga 100 yake farawa, ya ƙare a wuri guda.

Mu buga lissafi a allo kamar yadda muka saba. Mu ƙaddara malami ɗan shekara 46, mai digiri na biyu, wanda ya cinye jarrabawar Ingilishi ta IELTS har ƙarshen ma'auni, bai taɓa aiki ko karatu a Kanada ba. Digirinsa zai ba shi 135, harshe 136, haɗin ilimi da ƙwarewar aiki 100. Jimla 371. Ɗalibinsa ɗan shekara 29 mai irin waɗannan takardu, wanda ya yi aikin shekara 3 kacal, yana da 481. Abin lura shi ne ma'aunin ba ya bambanta shekara 3 da shekara 23 na aikin da aka yi a wajen Kanada, duk maki ɗaya ne. A 2024 zagayen gayyata na gama-gari sun riƙa tsayawa sama da maki 500. A watan Fabrairun 2025 aka ƙara rukuni na musamman domin malamai, labarin da ya zaga wayoyinmu kamar wutar daji, amma zagayen farko na wannan rukuni a watan Mayun 2025 ya tsaya a 479. Ɗalibi ya shige da ƙyar, malaminsa kuwa tazarar da ta rage masa ta haura maki 100.

Kafin ma a kai ga wannan jeri, akwai ƙaramar ƙofa ta farko inda ake neman maki 67 cikin 100. A can ma shekaru suna ba da 12 har zuwa shekara 35, daga nan ana cire ɗaya duk shekara har su ƙare a 47. Kuma tun watan Maris 2025 an daina ba da ƙarin maki saboda takardar ɗaukar aiki a cikin babban jerin. Duk wanda ya ce zai sayar muku da irin wannan takarda domin makinku ya tashi, ku san da wa kuke magana.

Ostareliya ba ta ma tsaya wahalar da kowa ba. Manyan bizojinta na ƙwararru masu bin maki suna neman mutum ya kasance ƙasa da shekara 45 a ranar da aka gayyace shi. Dalilin waɗannan ƙasashe ba ƙiyayya ba ce. Al'ummarsu ta tsufa, suna neman wanda zai yi shekara 30 ko 35 yana biyan haraji kafin ya fara cin fansho da kuɗin asibiti. Da idon ɗan kasuwa suke kallonmu, mu ma ya kamata mu kalli tayinsu da irin wannan ido.

Ƙofofin da ba su rufe ba

Kada wani ya fita daga nan yana cewa mun ce babu hanya. Akwai, sai dai ƙunci gare su.

Ta farko ita ce Faransanci. Kanada tana ba da ƙarin maki har 50 ga wanda ya kai mataki na 7 a jarrabawar Faransanci kuma yana da Ingilishi, ban da makin harshe na biyu. Malaminmu mai 371 yana iya haura 430 da wannan kaɗai. Tun 2023 kuma ana yin zagaye na musamman domin masu Faransanci, makinsu yana sauka ƙasa da na kowa, wasu lokuta har ƙasa da 400. Mu da Maraɗi da Damagaram suke maƙwabtanmu, ga cibiyar Alliance Française a cikin Kano, ga karatun Faransanci a Jami'ar Bayero, wannan ba abu ne mai nisa ba. Amma mataki na 7 ba gaisuwar kasuwa ba ce. Ana nufin mutum ya yi rubutu da muhawara da harshen, kuma ga mai farawa daga tushe aiki ne na dogon lokaci, kullum ba fashi.

Ta biyu ita ce zaɓin lardi. Idan wani lardin Kanada ya zaɓi mutum, ana ƙara masa maki 600, wanda yake shafe asarar shekaru gaba ɗaya. Sai dai kowane lardi da sharuɗɗansa, da yawa sun fi son wanda yake aiki a cikinsu ko yake da ɗan uwa a can, kuma guraben suna raguwa ko ƙaruwa daga shekara zuwa shekara.

Ta uku ita ce Ingila, inda bizar ƙwararrun ma'aikata ba ta da iyakar shekaru a sama. A ranar 1 ga Fabrairu 2023 aka ba malaman da suka yi horo a Nijeriya damar neman shaidar cancantar koyarwa ta Ingila, wadda suke kira QTS, amma ga masu koyar da lissafi ko kimiyya ko harsuna ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16. A lokacin an nemi digiri, da gogewar aiki, da takardar shaidar kyakkyawan matsayi daga Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN. Abin da ake mantawa shi ne wannan shaida ba biza ba ce, ba kuma aiki ba ce. Sai mutum ya nemo makarantar da take da lasisin ɗaukar baƙi, ta yarda ta ɗauke shi. Bayan haka yana biyan kuɗin lafiya fam 1,035 duk shekara a kan kowane babba, da fam 776 a kan kowane yaro, a dunƙule tun kafin tafiya. A 2025 izinin dindindin yana zuwa ne bayan shekara 5, kuma a watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da takardar manufa mai neman mayar da wa'adin shekara 10. Ga ɗan shekara 28 wannan jinkiri ne kawai. Ga ɗan shekara 50, yana nufin zai kai gab da ritaya zamansa yana rataye a hannun makarantar da ta ɗauke shi.

A ƙara da cewa izinin zama daban, lasisin koyarwa daban. A Kanada kowane lardi yana da hukumarsa mai ba da lasisi, kuma sau da yawa ana sa baƙon malami ƙarin kwasa-kwasai. Kafin a gama, wanda yake shugaban sashe a nan yana iya yin shekara ɗaya ko biyu yana aikin ɗakin ajiyar kaya, ko gadi, ko jinyar tsofaffi. Aikin halal ne, babu raini. Tambayar ita ce ko gwiwa da baya da zuciyar ɗan shekara 50 za su ɗauka, a garin da rana take faɗuwa da la'asar a lokacin hunturu.

Iyali: wa zai tafi, wa zai tsaya?

A nan ne lissafin dattijo ya fi rabuwa da na saurayi, kuma saboda wannan ne muka so wannan jawabi ya isa gidajenku. Kanada da Birtaniya ba sa ba mutum damar shiga da mace fiye da ɗaya a matsayin matar aure. A Kanada auren mace fiye da ɗaya laifi ne a dokar ƙasa, kuma auren farko kaɗai hukumar shige da fice take dubawa. Malami mai mata biyu ko uku ya sani tun yanzu cewa babu fom ɗin da zai ɗauki gidansa yadda yake. Kada kuma wani dillali ya ba shi shawarar ɓoye aure ko rubuta sakin ƙarya. Ban da nauyin da yake kansa a wajen Allah da wajen matar, doka a Kanada tana haramta wa wanda aka kama da bayanin ƙarya shiga ƙasar har shekara 5, kuma ana iya ƙwace izinin ko bayan an ba shi.

Sai 'ya'ya. Kanada tana ɗaukar ɗa a matsayin wanda yake ƙarƙashin iyaye idan bai kai shekara 22 ba kuma bai yi aure ba. Birtaniya kuwa ƙasa da 18 take nema a lokacin neman farko. Yawancinmu muna cewa don 'ya'ya za mu tafi. To a zauna a rubuta sunayensu da shekarunsu. Sau da yawa za a tarar manyan, waɗanda suka fi buƙatar damar, su ne dokar ta bari a baya. Wani lokaci abin da ya fi hikima shi ne uba ya tsaya a kan aikinsa, ya tallafa wa ɗansa ko 'yarsa mai shekara 26, wanda ma'aunin yake so, ya nema da kansa.

Ga 'yan uwanmu malamai mata, akwai abin lura. A tsarin Kanada ma'aurata suna iya zaɓar wanda zai zama babban mai nema. Idan uwargida ta fi ƙarancin shekaru kuma tana da digiri da rajistar koyarwa, makinta ne zai fi yawa. Wannan shawara ce ta cikin ɗaki, a yi ta da fahimtar juna.

Sannan ga iyaye. Mai shekara 45 ko 50, in Allah ya bar masa mahaifiya, tana cikin shekarun da take buƙatar ganinsa. Kai iyaye waɗannan ƙasashe yana da wuya ƙwarai. Babu makin da ake ba wannan a fom, amma kowa ya sa shi a nasa ma'aunin.

Takardunmu da ranar haihuwa

Yawancin tsaranmu ba a asibiti aka haife mu ba. Shekarun da hedimasta ya ƙiyasta ranar da aka kai mu aji ɗaya, su suka bi mu. Wani kuma takardar rantsuwar kotu ta ce abu kaza, fayil ɗin ma'aikata ya ce wani abu, lambar shaidar ɗan ƙasa da fasfo suka ce wani. Haka sunaye: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, sunan gari ya shiga a ɗaya ya fita a ɗaya. A nan gida ana ɗaga kafaɗa a wuce. A can kuwa kowane saɓani alamar tambaya ce. Duk mai niyya ya fara da daidaita takardunsa ta hanyar hukuma, a kan gaskiya. Tunda shekaru ne suke cin maki, shaiɗan zai raya wa mutum ya rage biyar. Ranar da ya gama firamare da ranar da ya kama aiki suna nan a rubuce, su za su tona shi.

A kuma kula da wa'adi. Sakamakon IELTS shekara 2 yake yi, takardar tantance digiri ta Kanada shekara 5. Karɓo sakamakon karatu daga jami'a ko kwalejin da aka bari shekara 20 da suka wuce yana iya cin watanni. Ga ɗan shekara 41 zuwa 44, kowace ranar haihuwa tana tafiya da maki 11. Akwai kuma gwajin lafiya, inda ake duba ko ciwon da mutum yake da shi zai ɗora wa asibitocinsu nauyi mai yawa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙe bayanan asibitinsa a tsare, kada ya ɓoye.

Fansho a gida, fansho a waje

Wannan shi ne shafin da dillalai ba sa buɗewa. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, abin da ƙungiyarmu ta daɗe tana fafutuka a kai. Aiwatar da ita ya rataya a kan matakin kowace jiha, don haka kowa ya nemi ranar ritayarsa da abin da ya tara a rubuce. Mun san fansho da garatuti a nan suna zuwa da jinkiri, darajarsu kuma tana zaizayewa. Duk da haka haƙƙi ne da aka tara da gumin shekaru. Wanda ya sulale ya tafi ba tare da sallama ba ana rubuta shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki, yana iya rasa komai. Akwai bambanci tsakanin ritaya ta son rai, da ajiye aiki, da hutu ba albashi. A tambayi hukuma wanne ya dace, a karɓi amsa a takarda.

A can kuma fa? Fanshon tsufa na gwamnatin Kanada ana fara shi a shekara 65. Cikakkensa na wanda ya zauna shekara 40 a ƙasar ne bayan ya cika 18, mafi ƙaranci kuma shekara 10. Wanda ya sauka yana da 48 zai samu kashi 17 cikin 40. Idan kuma ya ce zai dawo Kano ya ƙarasa rayuwarsa kusa da dangi, kamar yadda kusan dukkanmu muke fata, dokar ta ce sai wanda ya zauna shekara 20 ake ci gaba da biya bayan ya yi wata 6 a waje. Akwai wani fanshon na daban da ake tarawa daga albashi, shi ma gwargwadon shekarun da aka zuba ne. A Birtaniya cikakken fanshon gwamnati yana neman shekara 35 na biyan gudummawa, mafi ƙaranci 10, kuma wanda ya dawo Nijeriya da zama ba a yi masa ƙarin shekara-shekara. Haɗarin da muke jin tsoro shi ne ɗan uwanmu ya saki na hannu, bai cika na can ba, tsufa ya riske shi a tsakiya.

Kuɗi da masu farautar kuɗi

Kanada tana neman mai nema ya nuna kuɗin da zai riƙe kansa. A 2025 adadin ya haura dalar Kanada 15,000 ga mutum ɗaya, ya haura 28,000 ga iyali mai mutum huɗu, kuma ba a yarda da kuɗin aro ba. Ban da kuɗin jarrabawa, da tantance takardu, da asibiti, da fom, da jirgi. Ga mafi yawanmu, wannan yana nufin gida ko gona ko gadon uba. Shawararmu ita ce a bi matakai daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da lissafa maki a shafin intanet na gwamnatin ƙasar, kyauta ne. In lissafi ya ba da fata, a zauna jarrabawar harshe. Kada a taɓa kadara sai gayyata ta zo a hannu.

Duk wanda ya ce yana da ɗan uwa a ofishin jakadanci, ko ya yi alkawarin biza tabbas, ko ya ce a shiga da bizar ziyara a gyara daga baya, a guje shi. Masu ba da shawarar shige da fice na gaskiya suna da rajista a ƙasashen da suke wa aiki, ana iya duba sunansu. Kuma dokokin nan suna sauyawa. Alƙaluman da muka kawo na lokacin da muka ambata ne, a sake duba su a ranar da za a yanke shawara.

Abin da ya rage a wuyan reshe

Muna ba shugabanni shawara uku. Reshe ya ware mutum biyu ko uku masu sanin kwamfuta da za su zauna da duk ɗan uwan da yake da niyya, su buga masa lissafin makinsa cikin sirri, kafin ya je wurin dillali. Reshe ya gayyato jami'an fansho su yi mana bayanin haƙƙin wanda ya bar aiki kafin lokaci. Sannan mu taimaki juna wajen sabunta rajistar TRCN da daidaita takardu, domin wannan yana da amfani ga mai tafiya da mai zama.

Ga hukumomi kuma muna da magana. Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, mun yi maraba. Amma malamin lissafi mai gogewar shekara 20 ba a samar da shi a shekara guda. Shi ne yake horar da sababbin da ake ɗauka, shi ne ya san yadda ake riƙe aji mai yara fiye da 100. Idan irin wannan malami yana kwana yana ƙirga maki a waya, to ƙarin girma a kan lokaci, da biyan haƙƙin 'yan fansho, da albashin da zai kai ƙarshen wata, su ne amsar da za ta tsayar da shi.

Wanda ya yi lissafi ya ga hanya ta buɗe masa, ya tafi da sallama da takardunsa a kammale, muna yi masa fatan alheri, kuma ya riƙa tunawa da makarantar da ya bari. Wanda lissafi ya nuna masa zama ya fi, kada ya ɗauka ya gaza. Ya tsare aikinsa da gidansa, ya shirya 'ya'yansa da ɗalibansa, mu kuma ci gaba da neman haƙƙinmu tare.

 Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri.